ƘWAYOYIN CIWON JIKI DA GYAMBON CIKI: ABIN DA TSIRRAI ZA SU IYA, DA INDA ƘARFINSU YA TSAYA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

 Darasinmu na yau yana da ɗan tsawo, amma ina roƙon maigida da uwargida su daure su karanta har ƙarshe, domin magana ce da ta shafi kusan kowane gida.

Ɗan'uwa, duba saman firjinka ko ƙarƙashin matashin tsohuwarka, da wuya ka rasa ledar ƙwayoyin ciwon jiki. Manomi ya dawo daga gona, sai ya aiki yaro kemis a ba shi haɗin gajiya. Birkila, ɗan dako, mai Keke Napep, duk haka. Tsohuwa mai ciwon gwiwa kullum sai ta sha. Yarinya mai ciwon mara duk wata sai ta sha. Ciwo ya lafa, an gode Allah. To amma bayan wata biyu ko uku sai ka ji an fara kukan ƙwannafi da zafin ƙirji, daga nan a ce olsa ta kama wane. Sai a ɗora wa yunwa da barkono laifi, alhali mai laifin yana nan cikin leda.

Tambayar da ake yawan turo mana ita ce: Malam, akwai tsiron da zan riƙa sha ya kare mini ciki, in ci gaba da shan ƙwayata? Amsa a taƙaice ita ce, akwai tsirrai masu taimaka wa bangon ciki, kuma za mu kawo su ɗaya bayan ɗaya. Amma mataimaka ne. Babbar kariya tana cikin gyara yadda ake shan ƙwayar ita kanta.

*WAƊANNE ƘWAYOYI AKE NUFI?*

Ba duk maganin ciwon jiki ne yake cin ciki ba. Waɗanda muke magana a kai dangi ɗaya ne, masu kashe zafi da kumburi: asfirin, ibufurofen, dikilofenak, firoksikam, nafuroksen da indometasin. A kemis za ka same su da sunaye irin su Brufen, Cataflam, Voltaren, Feldene da Indocid. Garin Alabukun asfirin ne da sinadarin kafin. Ibucap ma akwai ibufurofen a ciki. Shi kuwa haɗin da ake ƙullawa a leda, sau da yawa biyu ko uku daga cikin wannan dangi ake zubawa tare, mai sha bai san ko sunansu ba.

Farasitamol, wato irin su Panadol, ba ya cikin wannan dangi. Ya fi sauƙi ga ciki nesa ba kusa ba. Shi nasa haɗarin a hanta yake idan aka wuce ƙima.

*YADDA SUKE CIN CIKI*

Allah Ya sanya wa tumbin ɗan Adam ruwan tsami mai ƙarfi, wanda yake narkar da nama. To me ya hana shi narkar da tumbin, tunda shi ma nama ne? Saboda akwai yaɓe. Bangon tumbi yana lulluɓe da wani yauƙi mai kauri, a ƙarƙashinsa akwai sinadari mai kashe kaifin tsami, sannan ga jini yana gudana yana sabunta fatar wurin.

Ka ɗauki misalin gidan ƙasa. Katanga tana jure damina ne saboda yaɓen makuba da magini yake sabuntawa. A cikin jiki, maginin nan wani sinadari ne da likitoci ke kira furostagilandin. Shi ne yake sa a fitar da yauƙi, shi ne yake buɗe hanyar jini zuwa bangon tumbi. Sai dai kuma danginsa ne suke kawo zafi da kumburi a gwiwa ko a haƙori. Ƙwayar da ka sha ba ta bambance su. Tana toshe hanyar samar da su gaba ɗaya, sai ciwon gwiwa ya lafa, maginin tumbi kuma a sallame shi. Wani masani ɗan Ingila mai suna John Vane ne ya gano haka a 1971, har aka ba shi kyautar Nobel a 1982.

Ka lura da abu biyu a nan. Na ɗaya, ɓarnar ta cikin jini take biyowa. Saboda haka wanda ya ce shi allurar dikilofenak yake yi don kada ta taɓa masa ciki, an gudu ne ba a tsira ba. Haka ƙwaya mai rufin santsi, haka wadda ake cusawa ta dubura. Na biyu, ƙwayar da take cin cikin ita ce kuma take ɓoye zafinsa. Mutane da yawa, musamman tsofaffi, ba sa jin komai sai ranar da jini ya ɓalle.

Akwai kuma abokin ɓarna, wata ƙwayar cuta mai suna Helikobakta failori, wadda take zama a cikin yauƙin tumbi, kuma ta yi yawa ƙwarai a ƙasashenmu. Likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka tabbatar da ita a 1982, aka ba su Nobel a 2005. Idan wannan cuta ta haɗu da ƙwayar ciwon jiki a ciki ɗaya, haɗarin gyambo yana ninkuwa.

*TSIRRAN DA AKA YI BINCIKE A KANSU*

*1. Irƙus-sus.* Saiwa ce mai zaƙi, ana samunta a shagunan magungunan Musulunci, kuma a Masar da Sham ana jiƙa ta a sha lokacin buɗe-baki. A 1946 wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Revers ya lura masu gyambon ciki suna samun sauƙi da ita. Daga sinadarinta aka ƙera wani magani mai suna kabenokzolon, wanda asibitocin Ingila suka yi amfani da shi a shekarun 1960. Aikinta shi ne ƙara yauƙi da tsawaita zaman furostagilandin. Amma tun a wancan lokaci Revers ya ga wasu majinyatansa suna kumbura. Sinadarin zaƙinta, gilisirizin, yana tara gishiri da ruwa a jiki, yana hawar da jini, yana zubar da sinadarin fotashiyam da zuciya take buƙata. A 2020 likitoci a Amurka sun ba da rahoton wani mutum ɗan shekara 54 da zuciyarsa ta tsaya ya rasu, saboda yawan cin alewar da aka yi da ita kullum. Don haka mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko ƙoda, da mace mai juna biyu, su nisance ta. Ka tuna su ma ƙwayoyin ciwon jikin suna hawar da jini suna wahalar da ƙoda, to ina ga an haɗa biyun? Akwai nau'in da aka cire wa gilisirizin, ana rubuta DGL a jikin kwalinsa, shi ya fi aminci.

*2. Habbatus sauda.* Ambatonta ya zo a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, kuma darajarta sananniya ce a wurinmu. Babban sinadarinta shi ne taimokwinon. A gwaje-gwajen da aka yi da ɓeraye ya rage raunin da asfirin da danginsa ke yi wa tumbi. A kan mutane kuwa, an yi wani gwaji a Saudiyya da aka wallafa a 2010, da majinyata 88 masu ɗauke da Helikobakta. Waɗanda aka ba giram 2 na garinta a rana tare da omefirazol, kimanin kashi 67 cikin 100 sun rabu da cutar. Waɗanda aka ba cikakken maganin asibiti, kimanin kashi 83. Abin lura, waɗanda aka ba giram 3 ba su kai na giram 2 ba. Ka ga ke nan yawa ba shi ne magani ba. Giram 2 bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. A sha garin da zuma bayan an ci abinci. Man kuwa yana da kaifi, shan sa da yawa a kan cikin da babu komai yana tayar wa wasu da ƙwannafi.

*3. Kurkum,* wanda wasu ke kira gangamau. Sinadarinsa mai launin rawaya sunansa kurkumin. A 2023 an wallafa wani gwaji daga ƙasar Tailan da mutum 206 masu fama da ɓacin ciki da kumburi bayan cin abinci, aka ga kurkumin ya ba su sauƙi kwatankwacin omefirazol. Amma a kula, waɗannan mutane ba masu gyambo ba ne. Kurkum a cikin miya ko shinkafa abu ne mai kyau. Kafso mai ƙarfi, musamman wanda aka haɗa da sinadarin masoro, an samu rahotannin ya taɓa hantar wasu, kuma bai dace da mai tsakuwar matsarmama ko mai shan maganin tsinka jini ba.

*4. Kabeji.* A 1949 wani likita a jami'ar Stanford ta Amurka, Garnett Cheney, ya ba majinyata 13 ruwan ɗanyen kabeji kimanin lita ɗaya a rana, ya ga gyambonsu ya warke da wuri. Gwajin ƙarami ne, kuma an yi shi tun kafin a san Helikobakta. Duk da haka kabeji abinci ne mai araha, ga shi nan jibge a kasuwa lokacin sanyi. A wanke shi sosai da ruwan gishiri, a ci a kwaɗo ko a dafa sama-sama. Ba sai an sha lita ba, don yana cika ciki da iska.

*5. Ɗanyar agada.* Masu bincike a Ingila sun gwada garin busasshiyar ɗanyar agada a kan ɓerayen da aka ba asfirin, a 1984, suka ga yana ƙara kaurin bangon tumbi. Wadda ta nuna ba ta yi wannan aiki ba. Daga baya, a 1999, aka ware sinadarin da ake jingina wa aikin, lukosayanidin. A fere ɗanya, a yanka siri-siri, a shanya a wuri mai tsabta, a daka a tankaɗe. Cokali ɗaya a dama a kindirmo ko ruwan ɗumi.

*6. Kayan yauƙi:* kuɓewa, kuka, lalo, karkashi da hulba. Yauƙinsu yana kwanciya a kan fatar ciki yana sanyaya ta. A ɗakin gwaje-gwaje a Jamus an ga ruwan ɗanyar kuɓewa yana hana Helikobakta manne wa fatar tumbi. Uwargida, wannan a hannunki yake. A rage yaji da kanwa a miyar, a bar yauƙin ya yi aikinsa. Hulba kuwa tana saukar da sukari, mai shan maganin sukari ya yi hattara, mai juna biyu kuma ta tsaya a ɗan abin da ake sa wa abinci.

*7. Sabara da zogale.* Masu bincike a cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja sun gwada saiwar sabara a kan ɓeraye, suka ga tana rage gyambo. Ganyen zogale da albasa suna ɗauke da kwasetin, sinadarin da shi ma ya nuna kariya a irin waɗannan gwaje-gwaje. Zogale a ci ganyen kamar yadda aka saba. Saiwarsa kuwa a bar ta.

*8. Zuma.* Daga furen tsirrai ƙudan zuma yake tattaro ta, kuma an ambaci warakarta a Suratun Nahli. Tana lulluɓe makogwaro da ciki, tana da ƙarfi a kan ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji. Cokali ɗaya a ruwan ɗumi ya wadatar. Mai ciwon sukari ya yi lissafi da ita. Jaririn da bai kai shekara ɗaya ba, ba a ba shi zuma sam.

A wasu ƙasashen Asiya an wuce matakin jiƙo. A Koriya ta Kudu akwai maganin ciki mai suna Stillen, wanda likitoci ke rubutawa, an tace shi daga wani tsiro ɗan dangin tazargade. A Japan an yi wani daga ganyen wata bishiyar Tailan. Waɗannan an auna su, an san adadin da ke cikin kowace ƙwaya. Kada wani ya ji haka ya je ya jiƙa tazargade ya ce ai abu ɗaya ne. Dangi ɗaya ba ya nufin aiki ɗaya.

To ɗan'uwa, ka ga yadda lissafin yake. Akasarin abin da ya shafi kariya daga ƙwayoyin ciwon jiki, a kan ɓeraye aka gwada, kuma da tataccen sinadari mai awo. Ɓera ba mutum ba ne, ƙoƙon jiƙo kuma ba awo ba ne. Tsirran nan kamar ƙarin yaɓe ne a katanga. Idan kullum kana sallamar magini, ruwa kuma yana dukan katangar, ƙarin yaɓe ba zai hana ta zubewa ba. Kada kuma a ce abu tunda tsiro ne ba ya cutarwa. Shi kansa asfirin tushensa ɓawon wata bishiya ce da Larabawa ke kira safsaf, kafin kamfanin Bayer na Jamus ya ƙera shi a 1897.

*ABUBUWAN DA AKE ZATON MAGANI NE*

Jiƙon kanwa yana kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci, amma cike yake da sinadarin gishiri mai hawar da jini, kuma yana rufe alamar ciwo mutum ya yi sake. Madara tana sanyaya ciki na ɗan lokaci, daga baya ta sa a ƙara fitar da tsami. Ɗanyar tafarnuwa a kan cikin da babu komai tana ƙona fatar ciki, kuma yawanta yana tsinka jini, haɗa ta da asfirin ba dabara ba ce. Ruwan khal da lemon tsami da sassafe, mai gyambo ya bar su. Barkono ba shi ke haifar da olsa ba, amma yana tayar wa wasu da zafinta. Taba sigari tana hana gyambo warkewa. Goro da shayi mai kauri da kofi suna ƙara tsami. Giya kuwa, ban da haramcinta, tana ƙara haɗarin zubar jini.

*WAƊANDA TSIRO KAƊAI BAI ISHE SU BA*

Idan kana cikin waɗannan, kada ka sha ƙwayoyin nan sai da sanin likita:

• wanda ya haura shekara 60;
• wanda ya taɓa yin gyambo ko zubar jini ta ciki;
• mai shan ƙaramin asfirin na zuciya, ko wafarin da sauran magungunan tsinka jini;
• mai shan firednisolon ko deksametazon, har da matan da ke shan sa don ƙiba;
• mai ciwon ƙoda, zuciya ko hawan jini;
• mace mai juna biyu, musamman daga mako na 20;
• mai sikila ko sanyin ƙashi, wanda ciwonsa ke sa shi sha na tsawon lokaci.

Irin waɗannan, idan shan ya zama dole, likita yakan haɗa musu da maganin rage tsami irin omefirazol, wanda ake sha kafin karin kumallo. Shi ne aka gwada a kan dubban mutane aka tabbatar yana rage gyambo. Akwai wani mai suna misofurostol da ke maye gurbin maginin da muka ambata, amma yana zubar da ciki, mai juna biyu ko kusa kada ta je. Wanda kuma likita ya ɗora shi a kan ƙaramin asfirin saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya daina da kansa don ya karanta wannan saƙo. Ya koma wa likitansa su tattauna.

*ƘA'IDOJI GA KOWANE GIDA*

1. A fara da farasitamol. Babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini da dare, kuma a raba su. Mai ciwon hanta ko ƙaramin jiki ya yi ƙasa da haka.
2. Kada a haɗa biyu daga wancan dangi. Haɗawa ba ta ƙara sauƙi, haɗari take ƙarawa.
3. Kada a karɓi haɗin leda. Ka ce wa mai kemis ya ba ka a cikin kwalinsa, ka ga suna da awo.
4. Ibufurofen ba tare da likita ba, kada ya wuce miligiram 1,200 a rana. Idan an yi kwana uku zuwa biyar ciwo bai sauka ba, a je a binciki musabbabinsa.
5. A sha bayan abinci, da cikakken kofin ruwa. Wannan yana rage ƙuna, amma ba ya kawar da haɗarin gaba ɗaya.
6. Ciwon gwiwa ko kafaɗa, a gwada na shafawa da gashin ruwan ɗumi. Abin da ke shiga jini daga na shafawa kaɗan ne.
7. Mai azumi kada ya buɗe baki da ƙwaya. A ci dabino, a sha kunu, a ci abinci tukuna. Mai gyambon da ke tashe ya ga likita kafin watan ya kama, shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.
8. Yaron da bai kai shekara 16 ba, ba a ba shi asfirin sai likita ya ce.
9. Mai yawan ciwon ciki ya nemi a yi masa gwajin Helikobakta, ana yi ta bayan gida ko numfashi. Idan an same ta, maganinta na kwana 10 zuwa 14 ne, a shanye shi duka ko da an ji sauƙi.

*ALAMOMIN DA BA A JIRA*

Bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, mai danƙo da wari. Aman jini, ko amai mai kama da tukar kofi. Ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ciki ya ƙame kamar katako. Jiri, ɗashewar ido da tafin hannu, bugun zuciya da sauri, suma. Haka ramewa babu dalili ko wahalar haɗiyar abinci.

Wallahi ɗan'uwa, idan ka ga ɗaya daga cikin na farkon nan, ba lokacin zuma ba ne, ba lokacin habba ba ne. Jini ne yake zuba ko tumbi ne ya huje. A tsayar da ƙwayar, kada a ɗura masa komai, a nemi mota a tafi asibiti ko da tsakar dare ne. A tafi da ledar magungunan da yake sha, likita ya gani da idonsa.

Maigida, amanar gidan nan a wuyanka take. Yau ɗin nan ka zauna da mahaifiyarka ko mahaifinka, ka tambaye su me suke sha, tun yaushe, sau nawa a rana. Tsofaffinmu ba sa son ɗora wa 'ya'yansu nauyi, sai su yi ta aiken jika kemis da ɗan canjinsu shekara da shekaru babu wanda ya sani. Uwargida, ki riƙa sa kuɓewa da kuka da kabeji da zogale a girki, ki tabbatar babu wanda ya haɗiyi ƙwaya da yunwa a gidanki.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya sa mu dace da magani mai amfani. A tura wa 'yan'uwa da maƙwabta, musamman gidan da akwai tsoho mai ciwon gaɓɓai.